Raino a Ƙasar Wasu: Abin da Matan Polan Suka Koya Mana



Yau labarin matan Polan za mu ɗan taɓa. A 2004 ƙasarsu ta shiga Tarayyar Turai, sai jama'arsu suka yi ta kwarara Ingila neman aiki. A gida, kaka ce ke riƙe jika idan uwa ta fita nema. Can kuwa ba kaka, ga gidan raino da ɗan karen tsada. Wasu suka bar yara wurin kakanni, tarbiyya ta koma ta waya. Waɗanda suka tafi da nasu kuma, ki yi wa ɗanki yaren gida, ya amsa miki da Turanci.

To, ba su naɗe hannu ba. Wannan ta riƙe wa waccan yaro, gobe a rama mata. Ran Asabar kuma su kai yaran makarantar koyon yarensu da tarihin ƙasarsu.

Mu ma fa muna da 'ya'ya a Legas, Kumasi da Makka, suna jego ba uwa a kusa. Mu riƙa kiransu, mu ce su nemi juna yadda muka nemi juna a adashe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.