Fashin Makaranta a Ƙasar Hausa: Ina Gizo Ke Saƙa?



Yaran da ba a gani a aji iri biyu ne. Akwai wanda ba a taɓa rubuta sunansa ba, akwai kuma wanda sunansa na cikin rajista amma shi yana gona ko kasuwa. Na biyun ne mai fashi, kuma shi aka fi mantawa da shi in an zo lissafi.

A da, bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, da ƙarfin En'e ake kamo yara, har wasu iyaye kan ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Sa'ad da aka ƙaddamar da ilmin firamare kyauta a 1976, an zaci magana ta ƙare. Dokar 2004 ma ta wajabta karatun shekara 9 kyauta. To, amma kyautar ba ta haɗa da rigar makaranta da littafin rubutu da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ba, balle abin da gida ke rasawa in yarinya ta ajiye faifan talla. Ribar tallar nan ita ce cefane, ita ce kuma kayan ɗakinta. Uwar da ke cikin kulle ba ta da wata hanyar kai sana'arta kasuwa sai 'yarta. Wanda duk ya ce jahilci ne kawai ke sa ta hana yarinya zuwa aji, lalle bai zauna ya yi lissafin da ita ta yi ba.

Sa'an nan a dubi tsarin shekarar karatu. Ana komawa makaranta a watan Satumba, watau daidai lokacin da gero ya nuna, ga girbin dawa da roron wake da cirar gyaɗa na tafe. Manomin da ba shi da kuɗin ƙodago ba zai saki ɗansa ba sai amfani ya shiga rumbu. Ranar kasuwar ƙauye kuwa, aji kan zama kamar an share. Abin mamaki, makarantar allo ta daɗe da daidaita lokutanta da aikin gida, da asuba da yamma da dare, ta boko ce ta kafe a kan hantsi.

Wani lokaci yaron ya zo, malamin ne ya yi fashi, don albashi ya makara.

Na baya-bayan nan shi ne tsoro. An sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, aka kwashe samari fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. Bayan na Ƙanƙara jihar Katsina ta rufe makarantun kwana, wasu jihohin Arewa suka bi sahu, ɗalibai suka shafe makonni a gida. Da aka sake buɗewa, ba dukansu ne suka komo ba: wasu 'yan matan an riga an ɗaura musu aure.