Jawabi a Kan Annobar Awaki da Tumaki, ga Jama'ar Kasuwar Gadarif

 

A shekarar 1971 wata cuta ta faɗa wa awaki da tumaki a kudancin Gadarif. Da fari an ɗauka bushiya ce, irin ta shanu. Sai bayan shekaru bincike ya nuna 'yar'uwarta ce, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Alamunta ba ɓoyayyu ba ne: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, sannan zawo da tari. Ba ta kama mutum, amma tana shiga tukunyarsa, domin akuyar da ta mutu ta tafi da madarar yaro da kuɗin magani.

Rigakafinta kuwa yana da tarihin da ya shafe mu. Daga ƙwayar cutar da aka samo a Najeriya a 1975 masana suka haɗa allurar, har yau sunanta Nigeria 75/1. Allura ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye. Rauninta zafi ne: in ta rabu da sanyi sai ta lalace, kuma kun san ranar ƙasar nan. Shi ya sa cibiyar binciken dabbobi ta ILRI, mai mazauni a Nairobi da Addis Ababa, ta haɗa hannu da ɗakin binciken dabbobi na Mali wajen samar da irin da ke jure zafi. An kawar da bushiya daga duniya a 2011; ita wannan an sa mata wa'adin 2030.

To, amma masana ba sa zama a kara, ku ke zama. Cutar ba ta san iyakar Gallabat da Metema ba, igiyar dillali take bi. Wanda ya ga akuyarsa na majina ya yi maza ya kai ta kasuwa, ya tsira da kuɗinsa, amma ya sayar wa maƙwabcinsa da annoba.

Saboda haka dabbar da kuka sayo, ku ɗaure ta daban mako uku kafin ta shiga garke, da kwanon ruwanta daban. Wadda ta kamu, a ware ta, a sanar da ma'aikacin dabbobi. Ranar da masu allura suka zo, a fito da duka, har da tunkiyar uwargida da ke bayan ɗaki.