Ciwon Sukari: Farawa Ba Wuya, Ɗorewa Ita Ce Aiki

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwa maza da mata mazauna Kafanchan da kewaye, muna yi muku barka da zuwa.

Maganarmu ta yau kan ciwon sukari ce, irin wanda ke kama mutum bayan ya manyanta. Asalinsa shi ne jiki ya kasa amfani da sinadarin insulin yadda ya kamata, sai sukari ya taru a jini. In an yi sakaci, a hankali yakan taɓa ido, ƙoda, zuciya da jijiyoyin ƙafa, har ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, wani lokaci ma a kai ga yanke ƙafa.

Mun dai san halinmu. Ranar da aka auna jinin mutum a asibiti aka ce yana da shi, sai ya dawo gida a tsorace, ya bar lemon kwalba, ya rage tuwo. Bayan wata biyu, ƙishirwa da yawan fitsari sun lafa, sai ka ji ya ce ai ya warke. To, jama'a, ciwon bai tafi ba, kwantawa ya yi. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2017 ya nuna kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ɗora kan tsarin rage ƙiba sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya. A shekara ta biyu suka koma kashi 36. Kun ga ke nan ɗorewa ita ce aikin.

Me ke karya mu? Na farko kunya. An kai ka gidan biki ko suna, an ajiye maka waina da kunun zaƙi, ka kasa cewa a'a. Na biyu teburin mai shayi, da sukari cokali uku da madara mai zaƙi. Na uku masu tallar magani a tasha da ke rantsuwa za su warkar da kai cikin mako guda, ka watsar da maganin likita.

Ga shawararmu. Kada a ware wa mara lafiya tukunyarsa shi kaɗai, don ba za ta daɗe ba. Uwargida ta gyara girkin gidan gaba ɗaya: a yawaita miyar ganye, zogale, rama, alayyahu da wake, a rage malmalar tuwo. Acca da ake nomawa a wannan yanki namu abinci ce mai kyau, amma ita ma da awo ake cinta. Fura da nono a sha ba sukari, kuma kaɗan.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Mu rage hawa acaɓa zuwa kasuwa ko masallaci. A haɗu biyu ko uku bayan Asuba a taka zuwa tashar jirgin ƙasa a dawo. In ɗaya ya yi kasala, ɗan'uwansa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A riƙa duba tafin ƙafa kowane dare, kada a yi yawo ba takalmi. Kafin azumi kuma a ga likita ya tsara lokutan shan magani. In gumi da karkarwa suka taso wa mai azumi, alamar sukari ya faɗi ke nan, ya sha abu mai zaƙi nan take.

Tun 1991 ake tunawa da wannan ciwo a duniya kowace 14 ga Nuwamba. Muna roƙon ƙungiya ta sa ranar cikin tsarinta, a gayyato ma'aikatan lafiya su auna mu. Mai masauki kuma, in baƙo ya ce ba ya shan zaƙi, kada a matsa masa. Ruwa mai sanyi ma karamci ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ikon ɗorewa.