Gyaran Hanci: Abin da Wuƙar Likita Za Ta Iya, da Inda Ikonta Ya Tsaya



Na san akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ji za a tara jama'a a Vinikilang don a yi magana kan tiyatar gyaran hanci, alhali zazzaɓin cizon sauro da wahalar haihuwa da tsadar magani sun ishi kowane gida. Mamakin yana kan hanya. Sai dai zancen hanci ya daɗe a cikinmu. Tun ranar wankan farko kaka ko ungozoma take ɗumama hannunta tana jan hancin jariri don ya miƙe. Idan za a yabi budurwa a ce hancinta har baka, kuma da wuya ka buɗe littafin soyayya ka iske jaruma mai gajeren hanci. A jiha irin Adamawa, inda Bafulatani da Bachama da Chamba da Kilba da Bahaushe suke cin kasuwa ɗaya suna auratayya, an mai da sifar hanci guda ɗaya ma'aunin kyau ga fuskoki iri-iri. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne waya. Ɗalibar da ke Jami'ar Modibbo Adama tana ganin tallar asibitocin Legas da Abuja da Alkahira da Istanbul a Instagram da TikTok, ana nuna mata hanci kafin aiki da bayan aiki, ana ce mata abin ba wuya. Abin da nake son kafawa a yau shi ne cewa tiyata tana iya gyara hancin da mutum yake da shi, gyara mai iyaka, amma ba ta iya ba shi hancin wani, kuma yawancin nadamar da ke biyo bayan wannan aiki tana farawa ne daga burin da mutum ya shiga da shi ɗakin tiyata.

Mu fara da shi kansa hancin. Abu uku ne suka gina shi: ƙashi a sama wajen idanu, guringuntsi daga tsakiya zuwa ƙasa, sai fata da ta lulluɓe su. Sifarsu gado ce, shi ya sa jan da kaka take yi ba ya ƙara komai, yaro zai fito da hancin danginsa. Likita yana da iko kan ƙashi da guringuntsi, yana iya kankare su, ya karya ya daidaita, ya rage ko ya ƙara. Fata kuwa ba shi da iko a kanta sai kaɗan. Da yawa daga cikinmu fatar hancinmu mai kauri ce da maiƙo, guringuntsin kan hancin mai laushi ne, karan hancin bai tashi sosai ba, ƙofofin kuma suna da faɗi. Wannan halitta ce lafiyayya. Wani bincike da masana a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka suka wallafa a 2017 ya nuna faɗin ƙofofin hanci yana tafiya da yanayin ƙasar da kakannin mutum suka rayu, masu faɗi a ƙasashen zafi da laima, matsattsu a ƙasashen sanyi da bushewa. Ma'anar wannan ga mai neman tiyata ita ce, aikin da ake yi wa Bature ko mutumin Iran yawanci ragi ne, a kankare tudun da ke kan karan hanci, namu kuwa yawanci ƙari ne. Sai an ɗebo guringuntsi daga shamakin da ya raba ƙofofin hanci, ko daga kunne, ko daga haƙarƙari, a ɗaga karan a tokare kan. Duk gwanintar da aka zuba a ciki, fatar ce za ta yanke hukunci. Idan ka lulluɓe ƙwarya mai zane da siririn mayafi za ka ga zanen, idan ka lulluɓe ta da bargo ba za ka ga komai ba sai tudunta. Don haka mai kaurin fata ba zai sami siririn tsinin nan da yake gani a hoto ba, kuma sauyin da likitan kirki zai yi masa alkawari da milimita ake auna shi.

Sai batun lokaci, wanda masu talla ba sa son a tsaya a kansa. Ana cire abin da aka tallafe hancin da shi bayan kamar mako guda, duhun da ke kewaye idanu yana bajewa cikin mako biyu, kuma a nan ne ake ɗaukar hoton da za a nuna muku. Amma kumburin ciki yana daɗewa. Ba a sanin ainihin sifar da hancin zai zauna a kai sai an yi shekara, mai kaurin fata kuma yana iya kaiwa shekara ɗaya da rabi. Cikin wannan lokaci naman yana warkewa yadda ya ga dama: tabon ciki yana ja, guringuntsin da aka ɗebo daga haƙarƙari yana iya lanƙwashewa, gefe ɗaya yana iya fin ɗaya. Idan an yanka gefen ƙofofin don a tsuke su, tabon yana nan a fili, a fata irin tamu kuma tabo yana iya yin duhu ko ya taso. Alƙaluman da likitocin wannan fanni suke bayarwa sun nuna cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, tsakanin 5 zuwa 15 suna komawa a sake yi musu, kuma wannan a hannun ƙwararru ne. Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, domin an riga an ɗebe guringuntsin da ke kusa, naman kuma ya yi tauri. Akwai kuma abin da ya fi sifa muhimmanci. Hanci hanyar numfashi ne, iskar da ta kai lita 10,000 tana ratsa shi kowace rana, yana tace ta yana jiƙa ta. Wanda ya san ƙurar hunturu a kan gadar Jimeta da zafin watan Afrilu a Yola ya san aikin da hanci yake yi masa. A tsuke shi fiye da kima, mutum ya koma numfashi da baki, barci ya gagara, kuma gyaran wannan ɓarna yana cikin ayyuka mafi wuya a fannin.

Ba ina raina wannan ilimi ba ne, ilimi ne mai daraja da dogon tarihi. Likitan Indiya Sushruta ya bayyana yadda ake gina hanci da fatar kunci tun kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin da ake yanke wa mutane hanci don hukunci. Harold Gillies ya gina fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a asibitin Sidcup na Ingila daga 1917. Gyara don ado zalla bai daɗe haka ba, John Orlando Roe ne ya fara bayyana shi a Amurka a 1887, Jacques Joseph ya bunƙasa shi a Balin daga 1898. Mu ma muna da namu misali a gida. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar Noma, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma take tallafa masa tun 2014. Cutar tana kama yara ƙanana masu fama da tamowa, ta fara daga dasashi ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin kwanaki. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Yaron da aka gina wa hanci a Sakkwato ba ya samun hancin da aka haife shi da shi, akwai tabo, akwai bambancin launi, sau da yawa sai an yi aiki fiye da ɗaya. Duk da haka yana komawa makaranta da murna, iyayensa suna godiya, domin suna auna sakamakon ne da halin da cutar ta bar shi. Mai neman ado kuwa yana auna nasa da hoton da ke cikin kansa, kuma a nan ne hatsarin yake.

Daga ina hoton ya fito? A 2018 likitoci a Jami'ar Rutgers ta Amurka suka lissafa cewa hoton ɗauki-kanka da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana nuna hanci da faɗin da ya wuce na gaskiya da kusan kashi 30 cikin 100, alhali daga nisan mita ɗaya da rabi ba ya ƙara komai. Wato yarinyar da ke duban fuskarta a waya dare da rana tana ƙin hancin da babu wanda ya taɓa ganinsa a fuskarta. Daga nan sai manhajar gyaran hoto ta tsuke mata shi, ta saba da wannan fuskar ta ƙarya har tata ta zama baƙuwa. Ga wasu abin ya wuce haka, ya zama cuta ta ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani, wadda mutum yake shafe sa'o'i kullum yana damuwa da aibin da wasu ba sa gani. Tana samun kamar mutum 2 cikin 100 a jama'a, amma wani bincike da aka yi a Beljiyam a 2011 ya gano alamominta matsakaita ko masu ƙarfi a jikin kashi ɗaya cikin uku na masu neman gyaran hanci. Irin waɗannan da wuya tiyata ta gamsar da su, damuwar takan koma kan tabon ko kan wata gaɓa. Maganinsu yana wurin likitan ƙwaƙwalwa. Haka kuma matar da take zaton sabon hanci zai hana a yi mata kishiya, ko saurayin da yake ganin shi zai kawo masa aiki, sun ɗora wa guringuntsi kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Wani zai ce, jikina ne, kuɗina ne, kuma na ga waɗanda aka yi wa sun yi kyau. Gaskiya ne akwai su, kuma babba mai hankali yana da ikon yanke shawara. Amma yarda ba ta cika sai da sani, kuma asibiti ba ya tallata wanda aikinsa ya ɓaci. Kuɗi ma ba ya sayen tabbas. Hajiya ko Madam duk ɗaya ne a ƙarƙashin maganin barci: uwargidan shugaban ƙasa Stella Obasanjo ta rasu a Oktoban 2005 a Marbella ta ƙasar Sifen bayan tiyatar rage kitse, kuma daga baya kotu ta sami likitan da laifin sakaci. Wanda kuma ya ce zai guje wa wuƙa ya yi allurar cika hanci, wadda yanzu har a shagunan kwalliya ake yi, ya sani cewa hanci yana cikin wurare mafi hatsari ga wannan allura. Jijiyoyin jininsa suna haɗe da na ido. Idan ruwan ya shiga jijiya fatar tana iya ruɓewa, ido yana iya mutuwa nan take. Abin da ya taɓa hanci, in ji Hausawa, idanu ruwa suke yi, kuma a nan maganar ta zama ilimin jiki tsantsa. Ban da haka, allurar ƙari kawai take yi, ba ta rage faɗi, kuma irin da aka fi amfani da ita tana narkewa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Wani kuma daga ɗaya ɓangaren zai ce me ya kawo doguwar magana, addini ya riga ya hana. Ina girmama wannan, kuma malaman da ke zaune nan sun fi ni sanin hukuncin. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Putrajaya ta Malesiya a Yulin 2007, ta bambanta gyaran da ake yi don mayar da gaɓa halinta ko aikinta, wanda ta halatta, da sauya lafiyayyar halitta don son zuciya ko kwaikwayon wasu, wanda ta hana, har ta ambaci sauya sifar hanci a ciki. Tushen halaccin sananne ne: sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da koyarwarsu kan girmama jiki. Amma idan muka tsaya ga kalmar hani kaɗai, ɓarna biyu za ta biyo. Wanda ya karye hanci a hatsarin hanyar Mubi ko ta Numan, ko wanda shamakin hancinsa ya karkace har yana toshe masa numfashi, ko uwar yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe da hanci a baje, za su ji kunyar neman abin da yake haƙƙinsu. Wadda kuma ta riga ta ƙudurta za ta tafi a ɓoye, kuma mai tafiya a ɓoye ba ya tambayar takardar likita.

Don haka ina roƙon ma'aikatan lafiyarmu su riƙa amsa wannan tambaya idan an kawo ta, ba tare da tsawa ba. Mai matsalar numfashi ko rauni ya fara daga sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, daga can za a tura shi inda ya dace idan aikin ya fi ƙarfin wurin. Wanda zai taɓa fuskarka ya kasance yana da rajista da Hukumar Likitoci ta Najeriya, MDCN, ya kuma kammala horon ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki ko ta hanci, domin digirin likita kaɗai bai isa wannan aiki ba. A nemi ya nuna hotunan masu fata irin tamu bayan shekara guda da aiki, a tambaye shi mutum nawa ya sake yi wa, da wanda zai ba da maganin barci. Likitan da ya ce maka abu kaza ba zai yiwu a fuskarka ba ya fi cancantar amana a kan wanda ya karɓi hoton ɗan fim daga hannunka ya ce an gama. Mai shirin zuwa Turkiyya ko Masar kuma ya tuna cewa zai dawo gida cikin kwana goma, alhali ƙwayar cuta a wurin dashen ko toshewar numfashi tana iya bayyana bayan wata uku, lokacin da likitan da ya yi aikin yake wata nahiya. Ya san sunan wanda zai duba shi a Yola ko Abuja, da kuɗin da ya ware don haka, kafin ya biya kuɗin jirgi.