Hirar Waƙa: Hanyar Buɗe Bakin Yaranmu da Turanci

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Kalmalo

 Muna godiya da aka ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta damar tofa albarkacin bakinsa. Mun shafe shekara 35 muna riƙe da alli, kuma abin da za mu yi magana a kansa yau abu ne da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda yaranmu ke iya rubuta Turanci a takarda amma bakinsu ya ƙi furta shi.

Inda gizo ke saƙa

Duk wanda ya taɓa raka ɗansa ko ƙanensa wurin ganawar neman aiki ya san abin da muke nufi. Yaro ya sami kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, ya tsallake JAMB, amma da zarar an ce ya gabatar da kansa na minti 2 sai gumi ya karyo masa, ya sunkuyar da kai, wani kuma ya tafi da aikin. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Hatta takardar jarrabawar da ake gwada furucin Turanci da ita, zaɓen amsa ɗaya ake yi daga cikin waɗanda aka jera. Saboda haka ɗalibi na iya sanin alamar kowane sauti ba tare da ya taɓa fitar da shi daga bakinsa a gaban mutane ba.

Mu ma malamai muna da namu kason na laifin, kuma ba za mu ɓoye ba. Lokacin da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, makarantu sun yawaita, aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa, mu ma a wannan ayarin muka fito daga kwalejin horon malamai. Hanyar da muka gada ita ce malam ya faɗa, aji ya maimaita gaba ɗaya. Bugu da ƙari, akwai ɗan katakon nan da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, wanda ya tashi da shi kuma ya sha bulala. Sakamakon da muka gani shi ne yara sun koyi yin shiru, ba Hausar ba Turancin.

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ta sha sauyawa. Ta 1977 ta ce a fara da harshen gida sannan a koma Turanci, ta 2022 ta tsawaita harshen gida zuwa ƙarshen firamare, a 2025 kuma aka soke wannan aka koma ga Turanci. Maƙwabtanmu na Ƙonni ma abin ya shafe su, domin a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Turanci da Faransanci su zama harsunan aiki. Ko yaya manufa ta juya, yaron da zai nemi abinci tsakanin Illela da birane yana bukatar bakin da zai iya magana.

Abin da ke ba Bahaushe wahala

Yana da kyau mu san cewa wahalar tana da asali a cikin ginin harsunan biyu. Hausa na da wasali 5, kowanne da gajere da dogo, alhali Turancin Ingila na da sautin wasali kusan 20. Hausa ba ta bambanta “p” da “f”, mu Sakkwatawa ma “hw” muke yi a wurare da dama, shi ya sa muke cewa hwata da hwara. Haka nan harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakaninsu, kamar yadda muka yi wa burodi da furusuna. Sannan Hausa da hawa da saukar murya take rarrabe ma'ana, Turanci kuwa da ƙarfafa wata gaɓa a cikin kalma. Duk waɗannan ba sa gyaruwa da karatun zuci. Sai baki ya motsa, kunne ya ji, an yi kuskure an sake.

Me ya sa waƙa?

Wata shekara muna da yarinya a aji 6 wadda ba mu taɓa jin muryarta a darasin Turanci ba. Rannan lokacin tara muka hange ta tana ba da waƙar gaɗa, sauran suna amshi. Da aka koma aji, maimakon mu buɗe littafi, sai muka tambaye ta da Turanci wa ya koya mata wannan waƙa. Ta yi jim, ta ce kakarta. Muka ce a ina, ta ce wurin daka. Muka ce me take ji in ta rera ta. Nan fa ta fara harhaɗa kalmomi, tana tuntuɓe tana tashi, har ta gaya mana kakar ta rasu da damina, kuma duk lokacin da ta ɗaga taɓarya sai ta ji kamar tsohuwar na bayanta. Turancin cike yake da kurakurai, amma ajin ya yi tsit, kowa ya fahimce ta. Daga ranar ba ta ƙara ɓoye fuska ba.

Da muka yi nazari sai muka gane sirrin. In malam ya yi tambaya daga littafi, yaro ya san malam na da amsar, tarko kawai aka ɗana masa. In kuwa aka tambaye shi waƙar da uwarsa ke yi masa ta reno, ko wadda ake yi a gayyar noma, ko ta masunta a bakin tafkinmu, shi ne masani, malam ne ɗalibi. Mai abin faɗa kuwa zai nemo kalmar ko ta halin ƙaƙa. Har ila yau, hirar da kanta takan jawo nahawun da muke wahalar koyarwa: ba da labarin abin da ya wuce, bayyana abin da aka saba yi, faɗin dalili, kwatanta wannan da wancan, da bayyana abin da ke cikin zuciya.

Koyarwa ta hanyar waƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙi ta ilmantar da matan karkara ta hannun jajojin 'Yan Taru. Alhaji Shehu Shagari tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa. Ga kuma taskar da Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suka bar mana. A sa ɗalibin sakandare ya bayyana wa baƙo da Turanci bambancin kirari da zambo da habaici, za a ga ya yi aikin da ya fi na shafi goma na littafi, domin ba kalma ɗaya da za ta fisshe shi, dole ya yi bayani.

Yadda za a yi a gida

Na farko, ba cewa muka yi a rera waƙar Turanci ba. Waƙar ta Hausa ce, hirar da za a yi a kanta ce ta Turanci. Na biyu, a ware minti 15 bayan cin abincin dare, sau biyu ko uku a mako. Yaro ya zaɓi waƙarsa, a yi masa tambayoyi huɗu: a ina ka fara jin ta, wa take tuna maka, me take cewa, me ya sa kake son ta. Na uku, kada a katse shi. In ya gama, a gyara kuskure ɗaya ko biyu kawai, a bar sauran sai wani jiƙon. Na huɗu, a naɗi muryarsa a wayar hannu, bayan wata guda a sake naɗa ya saurari bambancin da kunnensa. Na biyar, babba ma ya ba da nasa labarin, ya yi nasa kuskuren, don yaro ya ga ba abin kunya ba ne.

Mun san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da waƙa, kuma muna girmama ra'ayinsu. Zaɓi yana hannunku: ga waƙoƙin wa'azi da na bege, ga na reno da na niƙa da na noma, waɗanda babu batsa a cikinsu.

Kammalawa

'Yan'uwa mazauna birni, akwai wani abin lura. 'Ya'yanku da yawa suna jin Turanci amma ba su san waƙar gida ko ɗaya ba, na gida kuwa suna da waƙar, Turancin ne ya yi musu nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Roƙonmu shi ne in kun zo hutun salla ku haɗa su, na gida ya koyar da waƙa da ma'anarta, na birni ya taya shi juya bayanin zuwa Turanci. Mu tsofaffin malamai a shirye muke mu zauna da su kyauta a kowace firamare aka ba mu aji. Abin da muke nema daga gare ku shi ne ku kawo yaran, ku kuma zauna ku saurare su.