JAWABIN TARON ƘUNGIYA: KIƊA DA KWANCIYAR HANKALI



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne halin da muke ganin waɗansu samarinmu a ciki. Daga Konni har Malbaza da Illela, akwai masu dawowa daga Libiya ko Abijan jikinsu lafiya lau, amma ba su barci, ƙofa ta buga su zabura, magana kaɗan sai faɗa. Wasu kuwa sun faɗa shan tiramol don neman sauƙi, alhali ƙarin wuta ne.

To, likitoci sun ce jijiyoyin jiki kashi biyu suke aiki. Kashi ɗaya shi ke tada mutum in ya ga haɗari: zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarta. Ɗaya kuwa shi ke kwantar da shi. Wanda ya daɗe cikin tsoro, na farkon nan ne ya ƙi sauka.

Kunne kuwa ƙofa ce zuwa ga jijiyoyin nan, kuma mun san haka tun kaka da kakanni. Kiɗan kokowa da gangar noma suna tada jini. Waƙar reno kuwa, uwa tana jijjiga goyo a hankali, sai yaro ya yi barci. Masu goge da garaya ma sun daɗe da sanin ƙarfin sauti bisa jikin mutum.

A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an riƙa kai makaɗa asibitocin tsoffin soja, har a 1950 aka kafa ƙungiyar masu jiyya da kiɗa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto bisa bincike fiye da 3,000, inda ta nuna kiɗa da sauran fasahohi suna taimakon lafiya, har da rage damuwa.

Ga shawararmu. Bayan lisha a zauna wuri shiru, a saka sauti mai taushi wanda rai ya saba da shi, ko kiɗa mai sanyi ko karatu, kamar minti 20. A ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali. Kada a ƙure murya a abin kunne, domin ƙara tana kashe ji, kuma jin da ya mutu ba ya dawowa. In sautin ya tuno wa mutum baƙin ciki, a kashe, a sake wani.

Amma fa wannan taimako ne, ba ya maye gurbin likita. Wanda ya yi makonni ba barci, ko yake zancen kashe kansa, a kai shi asibitin Konni ko na Galmi ba da jinkiri ba. Kada mu yi masa dariya, kada mu ɗaure shi a ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.