Daga Ina Awowin Nan Za Su Fito?

A safiyar yau ina so mu yi magana a kan wani irin tsere wanda yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, amma tun ranar da na fara karanta labarinsa ya hana ni sakat. Sunansa Ironman, watau mutumin ƙarfe.

Tsere uku ne aka haɗa cikin yini ɗaya. Da asuba mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo na kusan kilomita 4. Yana fitowa, jikinsa bai bushe ba, sai ya hau keke ya tuƙa kilomita 180. Ku da kuka san hanyar Kaduna zuwa Zariya, ku ɗauka mutum ya je ya komo a kan keke, kuma har yanzu da saura. Sa'an nan ya sauka ya kama gudu da ƙafa na kilomita 42. Bisa ga al'ada awa 17 a kan ba shi, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa sha biyun dare. Wanda ya iso bayan wannan, ko da minti ɗaya ne, ba za a rubuta sunansa cikin waɗanda suka gama ba.

Abin ya samo asali ne daga gardama. A tsibirin Owahu na jihar Hawayi, ta ƙasar Amurka, waɗansu 'yan wasa suna musu a kan wa ya fi juriya tsakanin mai iyo da mai gudu da mai keke. Sai wani hafsan sojan ruwa mai suna John Collins, shi da matarsa Judy, suka ce a haɗa gasa uku da aka saba yi a tsibirin a ga wanda zai kai. Ran 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka fara, 12 suka gama. Gordon Haller ne ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Wanda ya ke gaba da shi a wajen gudun, John Dunbar, ruwan sha ne ya ƙare wa masu taimakonsa, suka miƙa masa giya, daga nan ƙafa ta fara harɗewa. Wannan kaɗai ya isa wa'azin wata rana, amma ba shi ya kawo mu ba yau.

Abin da ya kawo mu shi ne, yawancin masu shiga wannan tsere ba sana'arsu ke nan ba. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa, da iyaye mata masu yara a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin mutum ya tsaya a bakin ruwan nan, sai ya yi watanni shida ko fiye yana horar da jikinsa, awa 10 zuwa 15 kowane mako, a makonni masu nauyi ma har kusan 20. To, tambayata ita ce, daga ina awowin nan za su fito?

Bari mu yi lissafi tare. Mako yana da awa 168, ga sarki ga talaka, ba a ƙara wa kowa ko ɗaya. Ka fitar da 56 na barci, saura 112. Ka fitar da 45 na aiki, da wajen 10 na zuwa da komowa, saura 57. Cikin 57 ɗin nan ne za a ci abinci, a yi wanka, a je kasuwa, a duba littattafan yara, a gai da marar lafiya, a je sujada, a zauna da mata ko miji a yi hira. Daga cikinsu ne kuma mai horo zai yanki 15. Ba ma 15 kaɗai ba, gama sai ya je wurin iyo ya komo, sai ya gyara keke, sai ya wanke kaya, kuma wanda ya yi awa shida bisa keke ran Asabar, in ya dawo gida gangar jikinsa ce kawai ta dawo. Yaro zai ce, "Baba, zo ka gani," baba kuwa ya riga ya yi barci a kan kujera.

Saboda haka in kun ji mutum ya ce ya sami lokaci, ku sani ba tsintarsa ya yi a hanya ba. Daga wurin wani ya karɓo shi. Ko dai ya karɓo daga barcinsa, ko daga mai biyansa albashi, ko daga iyalinsa. Har a can ƙasashen suna da sunan barkwanci ga matar irin wannan mutum, suna ce mata gwauruwar tsere, ga shi kuwa mijinta yana da rai. Ana faɗa ana dariya, amma ni ban ga abin dariya sosai a ciki ba. Ubangijinmu, cikin Luka sura 14, ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci. Mai shirin Ironman da ya ke da hankali ya kan yi wannan lissafi, kuma ba shi kaɗai ya kan yi ba. Ya kan zauna da matarsa, ko ita ta zauna da mijinta, tun kafin a biya kuɗin shiga, a ce ga watannin, ga ranakun da ba zan kasance ba, ga abin da zan ajiye, kin yarda? Gama rabin kuɗin ginin daga aljihunta zai fito.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin ni ban taɓa yin iyo na kilomita ko ɗaya ba, amma na san wannan rance. Shekarun da na fara aikin ikkilisiya ina tuƙa keke daga ƙauye zuwa ƙauye, in dawo in shiga taron dattawa, in fito in kama shirin wa'azi har tsakar dare. Mutane suna yabona. Wata rana na dawo da wuri, 'yata ƙarama ta tambayi uwarta ko ba ni da lafiya ne. A saninta, ciwo ne kaɗai ke kawo babanta gida rana ba ta faɗi ba. Ban taɓa zama na tambayi kowa a gidan ko sun yarda da rancen da na ke ci a kansu ba.

Yanzu bari mu dubi yadda horon kansa ya ke, gama a nan ne na sami abin da ban zata ba. Da na ɗauka wanda ya fi azabtar da jikinsa shi ne zai fi ƙarfi. Ashe ba haka ba ne. Sa'ad da mutum ya ke gudu ko tuƙa keke, raunana tsokarsa ya ke yi. Ƙarfin yana shiga ne daga baya, lokacin da ya ci abinci ya kwanta, jiki ya gyara abin da ya ɓaci ya kuma ƙara a kai. Shi ya sa masu horarwa su kan tsara mako uku na ƙara nauyi, na huɗu a sassauta. Su kan ce mafi yawan gudun a yi shi a hankali, yadda mutum zai iya hira da na kusa da shi. In tsere ya rage mako biyu ko uku, sai a rage horon ƙwarai, ko da zuciyar mutum tana ce masa bai shirya ba tukuna.

Ga inda mai yawan hidima ya kan faɗi. Da shi ke ba ya iya taɓa awowin ofis, kuma yana jin kunyar ƙara taɓa na iyali, sai ya koma kan barci, domin barci ba ya kai ƙara. Ya kwanta sha ɗaya, ya tashi huɗu. Mako na fari lafiya, na biyu lafiya. Can sai mura ta ƙi warkewa, gwiwa ta fara ciwo, fushi ya yi kusa, gudun da ya ke yi da sauƙi ya gagara. Ya yi ta zuba aiki, amma ya toshe ƙofar da ƙarfi ke shigowa. Mai Zabura, a ta 127, ya riga ya ja kunnen masu sammakon tashi da jinkirin kwanciya, ya kuma lissafta barci cikin kyautar Allah. A Markus sura 6 kuma, da almajirai suka rasa zarafin cin abinci saboda taro, Ubangiji da kansa ne ya janye su gefe su huta.

Cin abincin ma sai an koya. Sukarin da jiki ke ajiyewa cikin tsoka da hanta ba ya wuce awa biyu in ana aiki mai ƙarfi, tseren kuwa na yini guda ne. Dole mutum ya saba da ci da sha yana bisa keke, kuma wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla ba gishiri yana iya jawo wa kansa ciwo mai hatsari. A Fabrairun 1982, wata ɗaliba mai shekara 23, Julie Moss, tana kan gaban mata duka a Kona, inda aka mai da gasar tun 1981, sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta ga layin ƙarshe tana gani. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe, daƙiƙa 29 a baya.

Kada wani ya ce fasto yana hana mutane motsa jiki. Ko kaɗan. Manzo Bulus, cikin 1 Timoti sura 4, bai ce horon jiki banza ne ba, ya ba shi nasa amfani, ya dai ajiye shi a matsayinsa. Mutanen Koranti kuma da ya rubuta wa a sura 9 ta wasiƙarsa ta fari sun san wasannin da a ke yi kusa da birninsu kowace shekara biyu, sun san irin kamewar da ɗan tsere ke yi saboda rawanin ganye mai bushewa. Bulus bai yi musu ba'a ba, cewa ya yi a koya daga gare su. Akwai kuwa waɗanda suka riƙe hidima da horo ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Lucy Gossage, likitar ciwon daji a Ingila, ta ci tseren Ironman fiye da sau goma, waɗansu tana cikin bincike a jami'ar Kambirij, waɗansu bayan ta koma duba marasa lafiya. Amma ku lura, ita ma ba ta tauna taura biyu a lokaci ɗaya ba: akwai shekarun da ta ajiye aikin asibiti, akwai waɗanda ta rage kwanakin aikin. Madonna Buder, 'yar ɗarikar Katolika mai zaman keɓe kai a birnin Spokane, ba ta fara gudu ba sai da ta kusa shekara 50, bisa shawarar wani fada. Dabararta ita ce ta saƙa horon cikin harkokinta na kullum, ta je sujada da gudu, ta hau keke zuwa inda wani zai shiga mota. A 2012, tana da shekara 82, ta gama Ironman na Kanada cikin awa 16 da minti 32.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Dick Hoyt, wani hafsan sojan sama a jihar Masacusets, mai 'ya'ya maza uku. Babban ɗansa, Rick, an haife shi a 1962 da lahani a ƙwaƙwalwa, ba ya tafiya, ba ya magana sai ta na'urar da ya ke taɓawa da kansa. A 1977 yaron ya roƙi ubansa su shiga wani gudu na kilomita 8 da aka shirya don taimakon wani ɗan wasa da ya shanye. Uban ba mai gudu ba ne. Ya tura shi a keken guragu, suka zo na biyun ƙarshe. Da dare Rick ya rubuta masa a na'urar cewa lokacin da su ke gudun bai ji kansa naƙasasshe ba.

Daga ranar Dick ya kama horo. Shi ma yana da aiki, shi ma awa 168 gare shi. Sa'ad da Rick ya ke makaranta, sai ya ɗora buhun siminti a kan keken ya riƙa turawa, domin hannunsa ya saba da nauyin ɗansa. Da aka gayyace su tsere mai haɗe da iyo, bai iya iyo ba, ya koya yana babba. A ruwa ya kan ɗaura igiya a ƙugu ya ja Rick cikin ƙaramin kwalekwale. A keke Rick yana zaune a gabansa. A gudu yana tura shi. Awowin da sauran masu horo su ke karɓewa daga hannun 'ya'yansu, shi a kan ɗansa ya ke kashe su. A 1988 sun gwada Kona, lokaci ya ƙure musu tun a ruwa. Suka komo a 1989, suka gama cikin awa 14 da kusan rabi. Gaba ɗaya sun yi tsere fiye da 1,000 tare, ciki har da dogon gudun birnin Boston sau 32. Dick ya rasu a Maris 2021 yana da shekara 80, Rick ya bi shi a Mayun 2023.

Karatunmu na wannan mako shi ne Luka 14:28-30, da Zabura 127, da 1 Korantiyawa 9:24-27. Mai iyali ya karanta su tare da iyalinsa. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.